Bargon da Reino Ya Tara

"Riƙe nan da kyau, yarinya. In kika saki, ni da ke ne."

Verna ta riƙe. Ta ba hamsin baya, har da jikoki, amma a bakin Reino Luttinen ba ta taɓa wuce yarinya ba, don yana tsaye a ƙofar gidansa ranar da aka kawo ta daga asibiti cikin tsumma, aka shiga da ita gidan da ke kallon nasa. Ya danne wayar ƙarfen a kan kututture, ya naɗa mata salatef don kada bakin ya warware, ya sa zarto. Bai yi nisa ba numfashinsa ya fara fita da ƙyar.

"Kawo in yanka," in ji ta.

"Ke? Ki yanke mini yatsa ki ce waya ce?"

"Ai yatsan ma ga shi nan yana jini."

Ya dubi babban yatsansa. Sili ɗaya na wayar ya huda safar hannu ya shige. Ya tsotse, ya tofar, ya ci gaba da yanka.

Babur ɗinsa mai ƙafa huɗu na tsaye a tsakiyar gareji, ƙanƙara na narkewa daga tayoyinsa, garmar ture ƙanƙara kuwa ta faɗi ƙasa a gabansa. Ɗaga garmar nan da sauke ta, duk aikin wayar ne. Ɗan injin da ke goshin babur ya naɗe ta, garma ta ɗagu, ya sake ta, garma ta sauka. Duk tsawon wayar kuwa, ɗan bakin nan kawai ke shan wahala, shi ke gogar ƙarfen da take bi ta kai safe da yamma, har silinsa su fara tsinkewa suna miƙewa kamar ƙayar bushiya. Magani ɗaya ne: a yanke wurin da ya ci, a lanƙwasa sabon baki, a ɗaure shi da maƙalai masu noti. Reino ya shekara da shekaru yana haka da waya ɗaya.

To, Verna mace ce da abu ba ya wuce ta. Ba gulma gare ta ba, a'a, ita dai in abu bai zauna mata daidai ba ko abinci ba ya yi mata daɗi. Ta san sau ɗaya Reino ke yanke wayar nan a hunturu, can wajen ƙarshen Fabrairu. Bana Janairu bai ƙare ba, ga shi kusan kowane mako sai ya ƙwala mata kira ta zo ta riƙe. Harabar gidansa ba ta ƙara faɗi ba, tata ma da yake share mata tun rasuwar mijinta tana nan yadda take.

"Reino, wai ina kake kai garmar nan ne?"

"Florida. Rairayi nake share musu."

"Da gaske nake."

"Miƙo sifana. Ba wannan ba, ƙaramar."

Ta miƙa masa, ta leƙa cikin injin. Abin da ya rage a jikin gangar naɗin bai taka kara ya karya ba, har ƙarfen gangar ana gani tsakanin zagayen.

"Haba tsoho, ka sayi sabuwa mana. Kowa ya koma igiyar roba, ba ta soke hannu."

"Wadda ta rage ta ishe ni," in ji shi, bai ɗago ba.

Ba maganar ce ta dame ta ba, yadda ya faɗe ta ne. Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa har ya gama ɗaure notin.

Da aka sake kwana ana zuba ƙanƙara, sai ta ɗauki kofinta ta tsaya bayan labule. Reino ya share harabarta, ya share tasa, sai ya ɗaga garma ya fita titi. Ita da ta zaci kanti yake zuwa shan kofi da tsofaffi 'yan uwansa, ashe hagu yake karyawa. Kanti kuwa dama yake. Babu komai a hagu sai kangon tsohuwar mahaƙar tagulla da maƙabarta a kan tudu, babbar motar share titi ma a gidan ƙarshe take juyowa, tunda ba a binne kowa a hunturu, ƙasa ta daskare ba ta haƙuwa.

Ta jira har ya dawo ya shige gida. Bayan abincin rana ta tayar da a-kori-kurarta, ta karya hagu.

Tabɗi! Hanyar maƙabarta a buɗe take fes, tun daga gindin tudu har ƙofa, ƙanƙara a jere gefe da gefe kamar an yanka da wuƙa. Ta wuce ɗan ginin dutsen nan mai ƙofar ƙarfe da ke bakin shiga, wanda kowa ke ce wa ɗakin jira, inda ake ajiye gawawwakin hunturu har ƙasa ta saki, ta bi sawun babur. A kan tudun iska ba ta barin ƙanƙara ta zauna, duk duwatsun kaburbura a waje suke. Amma gefen kabarin Aili, matar Reino, ga wani uban tulin ƙanƙara nan ya kai ƙirjinta, har ya rufe rabin sunan da ke jikin dutsen.

Tausayi ya kama Verna, har idonta ya kawo ruwa. Ashe tsufa ya fara taɓa kan Reino. Ya sha wahala ya buɗe hanya don ya ziyarci matarsa, ya zo kuma ya jibge mata ƙanƙara a kai bai sani ba. Ta ɗauko shebur a bayan mota, ta fara kwashewa daga kusurwa, tana watsarwa.

Ta yi ɗan rami ke nan ta ji ƙarar babur a bayanta.

"Ke! Ke! Ajiye shebur ɗin nan!"

Ko hula bai sa ba, kunnuwansa sun yi jawur. Ya sauko yana tangaɗi, ya dafa wani dutsen kabari yana haki.

"Na ga motarki ta yi hagu, na ce shi ke nan, ta kashe ni. Mayar! Duk abin da kika kwasa, mayar!"

"Taimakonka fa nake, Reino. Ka binne Aili."

"Aili ta daɗe a binne. Wannan wurina ne."

Verna ta dubi tulin, ta dube shi. Sai yanzu ta lura ba a kan kabarin tulin yake ba, a gefensa yake, kuma tsawonsa tsawon mutum ne a kwance.

"Bargo ne," in ji shi. "Ke da kike shuka tafarnuwa ai kin sani. Inda ƙanƙara ta yi kauri, ƙasa ba ta daskarewa. Nan kuwa iska ke kwashe ta, ƙasa ta zama dutse har tsayin mutum. Tun ƙanƙarar farko nake tarawa. Ɗaga garma sama a ɗora wata kan wata, shi ke cinye mini waya."

"To don me?"

Ya zauna a kan babur, ya nuna ɗakin jira da haɓa.

"Kin tuna watan da Aili ta rasu?"

"Disamba."

"Yaushe aka binne ta?"

Verna ta dubi ɗakin jiran. Ta tuna. A Mayu ne, ranar da ake yayyafi, aka fito da akwatuna ɗaya bayan ɗaya, fasto yana gama wannan ya matsa kan wancan.

"Matar da ko a zafin Yuli da safa take kwana," in ji Reino. "Na bar ta a kan kantar ajiye akwatuna a ɗakin can, tsakanin Toini Maki da wani baƙo ɗan Chicago da ya faɗa tafki. Kullum ina cin abinci ina tuna tana can. Kuma ranar da aka buɗe ƙofar nan, sai mutuwar ta dawo sabuwa fil, kamar ranar ta mutu. Ni ba zan yi layi ba, Verna. Kuma ba zan sa 'yata Karin ta yi kuka sau biyu ba."

"Wa ya ce maka bana za ka mutu?"

"Likita. Ya saurari ƙirjina, ya ce ba lallai in ga narkewar ƙanƙara ba. Ni ma da nake ciki na fi shi sani."

Ya ce ya je ya sami Norbert Pelkie, mai haƙa kabari, abokin wasan kartarsa. Norbert ya ce shi ba ya ƙi, amma da sharaɗi biyu: hanya ta kasance a buɗe yadda ƙaramar motar haƙarsa za ta hau, ƙasa kuma ta karɓi ƙarfe. In ɗaya ya saɓa, sai ɗakin jira, ba ruwansa da abota.

Verna ta dubi ramin da ta yi. Haushi take ji, kunya take ji, ga kuka yana neman ƙwace mata. Ta sa shebur ta fara mayar da abin da ta kwasa.

"Danna shi da kyau," in ji Reino. "Kin buɗe mini ƙafa."

Fabrairu bai yi nisa ba ya kasa hawa babur. Ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga, daga kujera zuwa ƙofa sai ya huta. Wata safiya ya buga mata waya, ko gaisuwa babu.

"Makulli na rataye bayan ƙofar gareji."

Ranar farko ta ture masa shingen katako, yana kallo ta taga yana buga gilashi da cokali. Da ta shigo ya ce ko Aili da ba ta taɓa tuƙi ba ta fi ta. Ya koya mata dai, daga kan kujera. In garma ta kai sama, injin zai canza murya, nan take a ɗauke yatsa, don ci gaba da dannawa shi ke tsinka waya. Ta kiyaye gwargwadon iko, amma hannunta ba nasa ba ne. Ta yanke bakin wayar a garejinsa ita kaɗai, ta ɗaure, ta leƙa gangar naɗi ta ga abin da ya rage, ba ta gaya masa ba. Ta aika a kawo sabuwa daga birni a ɓoye, aka ce sai wani mako.

Kullum in ta sauko daga tudu sai ta shiga ta dafa masa kofi, ta yanka masa burodin nisu mai ƙamshi, ya tsoma yana tambaya.

"Ya kai ina?"

"Kafaɗata."

"Ke ai gajeriya ce. Kusurwar da kika ɓata fa?"

"Reino, don Allah ka bar maganar kusurwar nan."

"Zan bari in na kwanta na ji babu iska."

Wata ranar Talata da rana, sama ta yi baƙi ta wajen tafki, rediyo na ta gargaɗi. Yana zaune bakin taga da bargo a cinya, yana kallon ƙanƙarar da ta fara sauka tsilli-tsilli.

"Wannan mai nauyi ce," in ji shi. "Kada ki bari ta taru, bi ta kaɗan-kaɗan. Kuma burodin nan ki yanka da kauri, ba na baƙi ba ne."

Ta shiga kicin tana ce masa shi dai ba ya rasa ƙorafi. Ta yanka da kauri, ta shafa man shanu, ta fito da faranti. Kansa ya ɗan karkata gefe, bakinsa a buɗe kaɗan kamar zai ƙara wata magana. Ta kira sunansa. Ta ajiye farantin, ta kama hannunsa, da sauran ɗumi. Ta daɗe a tsugune a wurin tana kuka, kafin ta tashi ta ɗauki waya.

Masu shirya gawa suka zo daga gari kafin hanya ta toshe. Babban cikinsu ya ce, cikin ladabi, "Sai Mayu ke nan, ko?"

"Juma'a," in ji Verna.

Karin ta ce a waya duk abin da babanta ya so shi za a yi, tana hanya. Norbert ya ce yana kan bakansa, sharaɗin ma yana nan.

Ƙanƙarar da ta sauka kuwa ba a cewa komai. Verna ta so ta bi ta kaɗan-kaɗan kamar yadda ya ce, amma iska ba ta bar mutum ya ga ko hannunsa ba. Sai safiyar Juma'a gari ya washe, da wani sanyi mai sa gashin hanci ya ƙame. Ta hau babur ta karya hagu. Daga gidan ƙarshe babu alamar an taɓa yin hanya a wurin.

Ta tura, ta ɗaga, ta ja baya, ta sauke, ta sake turawa. Ƙanƙarar ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen gari. Hantsi ya yi ta kai rabin tudu, ta waiga ta hango motar Norbert a ƙasa, da ƙaramar motar haƙa a ɗaure bayanta. Ganinsa ya sa ta gaggawa. Ta danna, injin ya canza murya, yatsanta da ya sandare bai ɗagu da wuri ba.

Tas! Garma ta faɗi ƙasa tim, bakin waya ya yi tsalle ya daki goshin babur.

Ta kashe injin. Shiru ya rufe tudun. Ba ɗaga garma, ba ja da baya, ba ci gaba. Ta sauko ta warware abin da ya rage a ganga. Kash, ɗan guntu ne, in ta yanke wurin da ya tarwatse ta lanƙwasa, da ƙyar zai kai garma ya bar abin da ganga za ta riƙe.

Norbert ya hawo da ƙafa yana haki, gemunsa duk ƙanƙara.

"Ta tsinke?"

"Kana gani kana tambaya. Riƙe nan."

"Verna, ko mu haƙura? Kin yi iya yinki. Shi ma ya san..."

"Norbert, riƙe nan, na ce. Kada ka saki."

Ya riƙe. Ta ciro zarto da salatef da maƙalai daga akwatin bayan babur. Da safar hannu noti ba ya kamuwa, ta cire su ta cusa a aljihu. Ƙarfen ya manne wa fatarta, silin waya ya tsaga mata tafin hannu, ba ta ma ji ba sai da ta ga ja a kan fari. Ta yanke ɗan abin da ba makawa, ko ƙwayar shinkafa ba ta ƙara ba. Noti ɗaya ya suɓuce ya nutse, suka durƙusa su biyu suna tonon ƙanƙara da yatsu kamar kaji, har Norbert ya ɗago shi yana dariya yana zagin Reino da ya ƙi sayen waya.

Ta ɗaure, ta hau, ta taɓa maɓallin a hankali. Wayar ta miƙe, ta yi ƙara, garma ta ɗagu daga ƙasa kamar faɗin tafin hannu.

"Ya isa," in ji Norbert. "Kada ki nemi ƙari."

Ba ta nemi ƙari ba. Haka ta ƙarasa tudun, tana ɗagawa kaɗan, tana ja da baya a karkace, kunnenta na kan muryar injin. Rana ta take tsaka ta wuce ƙofar maƙabarta, ba ta ko kalli ɗakin jira ba.

Norbert ya hawo da motar haƙa, ya sa cokalinta ya dinga yaye tulin, har ya kusa ƙasa. Ya sauko da wani dogon ƙarfe mai tsini. Da farko ya gwada can gefe, a fili. Ƙarfen ya yi ƙara ya dawo, har ya girgiza masa hannu.

"Kin ji yadda sauran tudun yake," in ji shi. "Kuma kin san an yi sanyi a Nuwamba kafin ƙanƙara ta zo. Ban yi miki alkawari ba."

"Fara da can," in ji Verna, ta nuna kusurwar wajen ƙafa.

Ya share sauran ƙanƙarar da shebur, ya kafa tsinin ƙarfen, ya ɗora nauyinsa. Ƙarfen ya ɗan tsaya, kamar ya ci karo da ɓawon burodi, sai ya shige suluf har rabi. Norbert ya zare shi, ya dubi baƙar laka da ta manne a jiki, ya cire hularsa a cikin wannan sanyin.

"Kai, tsohon banza," in ji shi a hankali. "Je ki kira fasto."

Ba ta tafi nan da nan ba. Inda shebur ya share, ciyawa ce a kwance, koriya shar, a jiƙe. Da cokalin motar ya kamfato na farko ya juye a kan farar ƙanƙara, wani siririn tururi ya tashi, ƙamshin ƙasa ya bugi hancinta. Verna ta durƙusa a bakin ramin, ta cusa tsagaggen hannunta cikin ƙasar, ta bar shi a ciki.